Lambu a Manchesta cikin Fabrairu: amsa ga ƙanina mai shirin zuwa karatu

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Manchesta, za ka shigo a watan Satumba, kuma tun da ka tashi cikin noman rani a Kadawa, kana so ka ji ko mutum zai iya samun ɗan fili ya shuka tumatir da attaruhu da alayyahu ya rage kuɗin cefane. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne a irin wannan lokaci na Fabrairu dusar ƙanƙara ce ke rufe ko'ina.

Maganar dusar ƙanƙara ka ajiye ta. Takan sauka kwana ɗaya ko biyu ta narke, wata shekarar ma ba a ganinta sai a kan duwatsun bayan gari. Manchesta tana can sama, daraja 53 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa tana 12, amma igiyar ruwan ɗumi ta tekun Atlantika da iskar yamma suna sassauta mana sanyi. Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen 7 ko 8, in shekarar mai sauƙi ce ya haura 10. Abin da ke damun mu ruwa ne. Fabrairun 2020 shi ne Fabrairu mafi ruwa da aka taɓa rubutawa a Birtaniya, na 2024 kuma shi ne mafi ɗumi a Ingila. Ɗumi da ruwa tare, irin ƙarshen hunturun da muke yawan gani ke nan yanzu.

Wani abin da zai ba ka mamaki: ruwan da Landan ke samu a shekara bai fi milimita 600 da 'yan kai ba, na Kano ma yakan fi shi. Sai dai na Kano a wata huɗu yake zubowa, rana ta fito ta shanye shi. A nan yayyafi ne, yau da gobe da jibi, babu ranar da za ta busar da ƙasa. Farkon Fabrairu rana kan fito kusan ƙarfe takwas ta faɗi kafin biyar, kuma ko tana nan ɗin gajimare ya tare ta. Kai da ka saba da neman ruwa da sayen man injin ban-ruwa, a nan rana za ka riƙa nema.

Filayen lambu akwai su. Ƙananan hukumomi na da filaye da suke yankawa suna ba mazauna unguwa haya, ana kiran su alotmen, kuma tun 1908 doka ta ɗora wa hukumomin nauyin samar da su. Cikakken yanki murabba'in mita 250 ne, amma yanzu rabi ake yawan bayarwa saboda yawan masu nema. Kuɗin hayar shekara ba shi da yawa. Matsalar layi ce: mutum kan rubuta sunansa ya jira shekaru. Kai kuwa karatunka na wata goma sha biyu ne. In ka sa suna a Satumba, wataƙila kana gida ka yi aure kafin a kira ka. Sannan abin da ka noma na ci ne, ba na sayarwa ba, ita ma bizar ɗalibi ba ta yarda ka kafa sana'ar kanka ba. Aikin albashi na awa 20 a mako lokacin karatu, shi ke nan.

Ni rabin yanki ne da ni a kudancin gari, ba nisa da kogin Mersey, wanda cikarsa ta sa aka kwashe mutane daga gidajensu a unguwar Didsbury a Janairun 2021. Bari in gaya maka yadda wurin yake a wannan mako. Hanyar shiga taɓo ce, sai da dogon takalmin roba. Ƙasar laka ce mai nauyi. In ka damƙo ta a hannu ta dunƙule tana ƙyalli, to ba ta aiki ba ce. Wanda ya taka ta ko ya sa mata shebur a haka ya danne ta, in bazara ta zo za ta bushe kamar tubali. Shi ya sa kowa ya shimfiɗa katako yana tafiya a kai, fangalin da babu shuka kuma an rufe shi da kwali, an zuba taki a sama. A gida fangali ramin tara ruwa ne. A nan ɗaga shi ake yi, a kewaye da katako don ruwa ya tsiyaye.

Duk da haka ba a rasa abin ɗauka. Akwai lik, wata albasa mai kaurin lawashi da ba ta yin ƙwai, tana tsaye cikin ruwa ba abin da ya dame ta. Akwai kel, dangin kabeji, wanda uwargida ke yanka shi ƙanana ta yi mana miyar ganye da gyaɗa, kuma wallahi yana tafiya da tuwo. Tafarnuwar da aka binne a Nuwamba ta fito da kore tsawon yatsa. Ita tana son sanyi, sai ta sha shi take rabuwa ɗiya-ɗiya, don haka hunturu mai ɗumi ba alheri ba ne gare ta, ga ruɓa in ruwa ya kwanta mata.

Babban abokin gabarmu dodon koɗi ne, irin wanda ba shi da kwanso. Sanyi mai tsanani ne ke rage su, to a shekarar da babu shi ba sa hutawa. Da dare in ka haska tocila ka ɗaga wani guntun katako, za ka gan su jere, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, ga ƙwansu farare a dunƙule. Dashen latas da ka kafa da yamma, da safe sai kara da wata yauƙi mai sheƙi. Maganin da aka saba zuba musu, mai sinadarin metaldihaid, an haramta shi tun Afrilun 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya. Akwai wani mai sinadarin ƙarfe da aka yarda da shi, amma wani dattijo Bature maƙwabcina hannu yake sawa ya tsince su cikin bokiti. Tattabarun daji kuma sukan sauko kan kabeji su bar maka jijiya, sai an rufe da raga.

Yanzu ga inda baƙo ke faɗawa. Rana guda za ta fito a Fabrairu, iska ta yi laushi, furanni su buɗe a bakin titi, hannun manomi ya fara ƙaiƙayi. Kada ka yarda. Raɓa mai daskarewa na iya sauka har tsakiyar Mayu, kuma dare ɗaya ya isa ya kashe tumatir. Aikin Fabrairu a ɗaki ake yinsa. Irin dankalin Turawa ana jera shi cikin kwalin ƙwai a bakin taga ya yi tsiro. Attaruhu yanzu ake zuba irinsa, domin yana son zafin da ya kai 25 kafin ya tsiro, yakan kuma ɗauki mako biyu zuwa huɗu, sai a ɗora kwanon kusa da hita. Tumatir sai Maris. In ka yi gaggawa, dashen zai miƙe siriri fari yana neman haske har ya kife. Fitar da su waje kuwa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni.

Kayanmu na gida kowa da halinsa. Alayyahu yana yi sosai daga Yuni. Yakuwa za ta ba ka ganye a rumfar leda, amma kada ka sa rai da zoɓo. Kuɓewa wahala ce kawai in ba ɗakin gilashi. Attaruhu ba ya nuna sai Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da hayar ɗakinka ke ƙarewa kana miƙa kundin bincike. Lissafa da kanka. Batun rage kuɗin cefane ka cire shi. Karas da albasa da kabeji suna da araha a manyan kantunan Aldi da Lidl, attaruhu da kuɓewa kuma suna nan a shagunan unguwannin Longsight da Cheetham Hill. Masu lambu a nan don su fita daga ɗaki su ga mutane suke yi, kuma a watan da duhu ya yi yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gidan da za ka kama ya fi lambun muhimmanci. Danshin nan har cikin ɗaki yake bin mutum. Da safe gilashin taga na zubar da ruwa, wanki kan kwana biyu bai bushe ba, mu kuma ga dahuwar wake da tuwo tururi na tashi. Ɗalibai kan kashe hita don tsoron kuɗin gas, su toshe ko'ina, sai baƙar funfuna ta fito a kusurwa da bayan kabad. Ba abin wasa ba ce: a Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale nan kusa da mu saboda ita, har aka yi doka da sunansa. In ka je duba ɗaki, ka leƙa bayan gado, ka shinshina, in ka ga sabon fenti a kusurwa ɗaya tak ka yi tambaya. Ka riƙa buɗe taga na ɗan lokaci ko da sanyi. Hukumar lafiya ta NHS kuma na ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuwa duk shekara.

In hannunka ba zai iya zama ba, akwai lambunan al'umma da ke karɓar masu aikin sa kai ba tare da layi ba. Akwai ɗaya a Hulme, tafiyar ƙafa ce daga jami'o'in da ke kan titin Oxford. Ni ma ina neman mai taya ni ranar Asabar, wanda ya san dashe kuwa ba a samunsa kullum.

Kada ka ƙunso iri daga gida, shigo da shi sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, kuma duk ana sayar da su a nan. Kilishi da man shanu ma haramun ne a filin jirgi. Rigar ruwa ka bari sai ka iso, ka sayi mai hula, don iskar garin nan karya lema take yi. Ka gaishe min da su Baba.