Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna

Tambaya: Malam, ina da makaranta mai zaman kanta a Yantala, nan Yamai. Sunayen yara da lissafin kuɗin makaranta duk suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL da muke haya a Amazon. Tun da aka koma karatu a Oktoba, da iyaye sun yi layi gaban akawu sai manhajar ta sandare, ta ce haɗi ya yi yawa. Yaron da ya tsara mana ita ya ce mu koma saba (kwamfutar da rumbun ke kanta) mai ninki biyu. In biya?

Amsa: Hajiya, kada ki biya yanzu. Saba mai ninki biyu kuɗinta ma ninki biyu ne, kuma duk wata.

Haɗi shi ne layin da manhaja ke buɗewa don ta yi magana da rumbun, kuma rumbun yana da iyakar haɗin da yake karɓa a lokaci guda. A asali PostgreSQL 100 yake bari, a Amazon kuma adadin yana bin girman ƙwaƙwalwar sabar. To akawu nawa gare ki? Uku? Huɗu? Mutum huɗu ba sa cinye gurbi 100. Abin da na fi zargi shi ne manhajar tana buɗe haɗi ba ta rufewa. Rezo ya katse ko kuran ya ɗauke, akawu ta sake shiga, tsohon haɗin yana nan zaune yana tare wuri, kamar mai ajiye takalmi a layin famfo ya tafi abinsa. Kafin azahar wuri ya cika da takalma.

Ki sa yaron ya buɗe pg_stat_activity, wato jerin haɗin da ke buɗe a rumbun, a gabanki da hantsi, lokacin cunkoso, ku ƙirga haɗin da ke zaune ba aiki. In su ne suka fi yawa, ya gyara manhajar ta riƙa rufewa, ya sa PgBouncer tsakanin manhajar da rumbun, wato ƙaramar manhaja mai raba haɗi kaɗan ga masu aiki da yawa, kuma kyauta ce. Kada ki yi masa faɗa, kuskure ne da ƙwararru ma suke yi.

Ki kuma tambaye shi inda sabar take, don nisa ma yana kawo jinkiri. In a Amurka ce, Faris ta fi kusa da mu, Amazon na da cibiya a can tun 2017. In neman sunan ɗalibi ne ke jan lokaci, teburin sunayen na bukatar fihirisa, wato jerin da ke saurin kai rumbun ga sunan da ake nema.

Amma kafin yaron ya taɓa komai, ya ɗauki kwafin rumbun, ya gwada maido da shi kina kallo, don Allah. Lissafin iyaye amana ne. In an yi duk wannan kuka ga ƙwaƙwalwar sabar har yanzu a cike take, ki biya, ki hau mataki ɗaya kawai.