Amsa: Ghana za ta iya jawo masu neman magani daga waje?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Ghana za ta iya zama wurin da baƙi ke zuwa jinya kamar Indiya. Za ta iya, amma da maƙwabta za a fara. Sashen tiyatar zuciya na asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra, wanda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga ƙasashen yankin nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke kewaye da aikin likita. Mai zuwa daga Togo ko Burkina Faso takardunsa da Faransanci suke. In ba tafinta, sai a sake masa gwaje-gwaje, kuɗi su ninka. Kafin ya taso, asibiti ya ba shi farashi a rubuce da ranar aiki, shi kuma ya zo da katin rigakafin cutar shawara. Bayan tiyata yana buƙatar masauki kusa na makonni, da likitan da zai ci gaba da duba shi in ya koma gida. Ciwon da ya ruɓe a hanya shi ke ɓata sunan asibiti.

Abin da ya fi damuna, 'yan ƙasa na rasa gado, ma'aikatan jinya kuma na ta tafiya Ingila. Kuɗin baƙi ya kamata su ƙara gadaje da albashi.