Shin ya halatta Kirista ya kira mala'iku da sunansu don neman tsari?

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, ina zaune a Badawa, maigidana direba ne, yana lodi daga Kano zuwa Jos. Duk ranar da ya fita hankalina ba ya kwanciya. Wata 'yar zumuntarmu ta ba ni takarda mai sunayen mala'iku bakwai, ta ce in riƙa kiransu ƙarfe 12 na dare, in umarce su su kewaye motarsa, in kuma rubuta Zabura 91 in sa masa a ƙarƙashin kujera. Ta ce kuɗin 'yan sintiri da muke biya a layinmu ma rashin bangaskiya ne. Mene ne daidai?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kwantar miki da hankali, ya kuma kiyaye maigidanki a fitarsa da komowarsa. Neman tsari ga iyali daidai ne, Yesu da kansa ya sa shi cikin addu'ar da ya koya wa almajiransa, inda ake roƙon Uba ya cece mu daga Mugun (Matiyu 6:13). Abin da ke buƙatar gyara shi ne wanda ake kai wa roƙon. Allah ake roƙo, shi kuma yake zaɓar bawan da zai aiko, ko daga sama ko daga cikin mutane.

Mu fara da takardar. Mala'iku biyu kaɗai Littafi Mai Tsarki na cocin ECWA, Baftis da makamantansu ya ambata da suna a cikin masu yi wa Allah hidima: Jibra'ilu, wanda ya kai wa Zakariya da Maryamu saƙo a Luka sura 1, da Mika'ilu, wanda ya bayyana a Daniyel sura 10 da 12, da wasiƙar Yahuza, da Wahayin Yahaya sura 12. 'Yan Katolika suna da na uku, Rafayel, daga littafin Tobit. Saura huɗun da ke takardarki daga wasu rubuce-rubuce na waje suka fito, ko kuma daga kan wanda ya rubuta takardar. Ki tambayi mai ba ki sura da aya, za ki ga magana ta tsaya.

Ibraniyawa 1:14 ta kira mala'iku ruhohi masu hidima da ake aikowa saboda waɗanda za su gāji ceto. Ki lura da kalmar aikowa. Ɗan aike maigidansa yake saurara, ba ya karɓar umarni daga wanda aka aiko shi wurinsa. Ko Zabura 91:11 da ake yawan jawowa cewa ta yi Allah ne zai umarci mala'ikunsa game da ke. A daren da aka kama Yesu, ya gaya wa Bitrus cewa da ya so, da ya roƙi Ubansa ya aiko masa da rundunonin mala'iku fiye da 12 (Matiyu 26:53). To in Ubangiji da kansa ta wurin Uba ya bi, ina mu? Sau biyu manzo Yahaya ya faɗi zai yi wa mala'ika sujada, sau biyu mala'ikan ya hana shi, ya ce shi ma abokin bauta ne (Wahayin Yahaya 19:10 da 22:8-9). Bulus ma ya yi kashedi a kan bautar mala'iku a Kolosiyawa 2:18.

In ke 'yar Katolika ce, akwai ɗan bambanci. Cocinku ta yarda a nemi taimakon mala'ika mai tsaro da na Mika'ilu, kuma tana bikin manyan mala'iku ran 29 ga Satumba, na mala'iku masu tsaro ran 2 ga Oktoba. Amma can ɗin ma roƙo ne, ba ba da oda ba, kuma cocin ta hana ƙirƙiro wa mala'iku sunaye bayan ukun nan. Don haka takardar ba ta da mazauni a ɓangarorin biyu.

Zabura a ƙarƙashin kujera kuwa, a faɗi gaskiya, laya ce aka sauya mata riga. Ba laifi mutum ya liƙa aya a gaban mota don ya riƙa karantawa yana tunawa. Laifin yana zuwa ne ran da ya fara jin tsoron fita saboda ya manta takardar a gida. Isra'ilawa sun taɓa yin irin wannan da akwatin alkawari: suka ɗauko shi zuwa fagen yaƙi suna zaton shi zai cece su, aka kashe musu mutum 30,000, aka ƙwace akwatin (1 Sama'ila sura 4). Ƙarfe 12 na dare ma ba ta fi ƙarfe 6 na safe kusa da kunnen Allah ba. Zabura 121 ta ce mai tsaronki ba ya gyangyaɗi, ba ya barci.

Maganar 'yan sintiri ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne mutane da yawa suke cutar kansu da sunan bangaskiya. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 da sura 23 ki aje su gefe da gefe. A ta farko Bitrus yana kurkuku, an ɗaure shi da sarƙa biyu tsakanin soja biyu, ikilisiya tana ta roƙon Allah dominsa, sai mala'ika ya zo ya fitar da shi. A ta biyu mutum fiye da 40 sun rantse ba ci ba sha sai sun kashe Bulus. Ba mala'ikan da ya sauko. Wani saurayi ne, ɗan 'yar'uwar Bulus, ya ji ƙulle-ƙullen ya kai rahoto, shugaban sojan Roma kuma ya haɗa dakaru 200, mahaya doki 70, masu māshi 200, suka fita da shi daga Urushalima ƙarfe 9 na dare suka nufi Kaisariya. Sojojin nan 470 ba masu bi ba ne, amma da su Allah ya yi aikin. Romawa 13:4 ta kira mai mulki bawan Allah domin alherinki. Nehemiya kuwa, da maƙiya suka yi barazana lokacin gina garun Urushalima, cewa ya yi sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu gadi dare da rana (Nehemiya 4:9). Ki ci gaba da biyan kuɗin layi. Maigadin da ke zagaye da tocila da usur, ɗan sanda, ma'aikacin kashe gobara, nas, da maƙwabcinki Musulmi da zai ƙwanƙwasa miki ƙofa in ya ga hayaƙi, duk suna cikin waɗanda Allah yake amsa addu'arki da su.

Ga yadda za ki tsara addu'ar, minti 10 sun isa. Kafin ya fita da asuba ku tsaya tare, ku karanta Zabura 121 a bayyane, ayoyi 8 ne kawai, ta matafiya ce. Ku gode wa Allah saboda tafiyar da ta wuce. In akwai saɓani tsakaninku ku warware shi a nan, kada ya hau hanya da ɓacin rai. Sannan ki roƙa dalla-dalla: ki ambaci sunansa, fasinjojinsa, hanyar, lafiyar motar, natsuwarsa a kan sitiyari. Ki ce, ya Uba, ka aiko da mala'ikunka su kiyaye shi. Wannan roƙo ne mai tushe a Zabura 34:7. Ki haɗa da jami'an tsaro da masu mulki, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta. Ki rufe cikin sunan Yesu, kina miƙa komai ga nufin Allah. Da dare ke da yara ku karanta Zabura 4:8 ku kwanta.

Akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe. Direban da ya kwana a coci yana addu'ar dare har asuba, sannan ya ɗauki fasinja zuwa Jos, gwada Allah yake yi. Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali yana cewa ya yi tsalle, Yesu ya amsa masa da cewa kada a gwada Ubangiji Allah (Matiyu 4:5-7). Sudaddiyar taya da birkin da ya fara kuka, wurin makaniki za a kai su. Akwai kuma haɗarin masu kunna kyandir su bar shi yana ci bayan addu'a, a ɗaki mai katifa da labule, musamman lokacin hunturu da komai ya bushe. In za ki yi azumi saboda tafiyarsa, yana da tushe, Ezra ya yi haka a bakin kogin Ahawa kafin su kama hanya (Ezra 8:21), amma mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon suga su fara jin ta bakin likita. Ki kuma kula da kalmominki a gaban yara. Yaron da kullum yake jin ana lissafa mayu da 'yan fashi a addu'a, tsoro zai koya.

Abu na ƙarshe mai nauyi ne, amma gara ki ji shi daga nan. A surar nan ta 12 ta Ayyukan Manzanni da mala'ika ya kuɓutar da Bitrus, a ayoyin farko Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, kuma ba inda aka ce bangaskiyar Yakubu ce ta gaza. Abokan Daniyel uku sun gaya wa sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba (Daniyel 3:17-18). Saboda haka duk wanda ya ce miki yana da addu'ar da ba ta kuskure, musamman in ya haɗa da kuɗin man shafewa ko na ruwan tsarki, ki kai maganar wurin faston cocinku ko dattawa kafin ki ba da ko kwabo. In kuma tsoron ya kai ga hana ki barci da cin abinci har makonni, ki gaya wa shugabar zumuntar mata don a samu masu zama da ke, ki kuma ga likita.