Amsa ga mai neman abokan kallon taurari a Tawa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce aiki ne ya kawo ka Tawa ta ƙasar Nijar, kana son kallon sararin samaniya tun kana yaro, amma ba ka san kowa mai irin wannan sha'awa a garin ba, kuma kana so ka ji ko dole ne sai ka mallaki teleskop, wato na'urar hangen taurari, kafin ka fara tara jama'a. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a makarantun Adar, kuma na daɗe ina fitar da mutane waje da dare domin mu dubi sama, saboda haka zan amsa maka da abin da na gani da idona.

Abokan da kake nema suna nan cikin garin, sai dai ba za ka same su ƙarƙashin sunan wata ƙungiya ba, kuma yawancinsu ba su taɓa kiran kansu masu sha'awar ilimin falaki ba. Ni na gane haka ne ranar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da husufin rana ya ratsa ƙasarmu da hantsi. A nan Tawa rana ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma haske ya dushe sosai. Ba ni da wata na'ura a ranar, sai na fito da ɗalibaina ƙarƙashin dogon yaro na nuna musu ƙasa, inda hasken da ke ratsowa tsakanin ganyaye ya koma ɗaruruwan ƙananan jinjirin wata. Wata mata mai sayar da ƙosai a bakin makaranta ta kawo matsaminta mai huji-huji, muka tara shi a rana, kowane huji ya zana nasa jinjirin a kan rairayi. Kafin a watse, mutanen unguwa da suka taru sun fi ɗaliban yawa, kuma biyu daga cikinsu har yau muna fita tare.

Bayan wannan na yi kuskuren da nake so ka kauce wa. Da na samu ƙaramin teleskop ta hannun wani ɗan'uwa da ke ƙasar waje, sai na rubuta sanarwa da Faransanci, na ari aji, na shirya jawabi mai tsawo a kan tsarin rana da duniyoyinta. Mutum huɗu suka zo, uku kuma abokan aikina ne. Na kuma zaɓi daren 14 ga wata, ina zaton cikakken wata ya fi kyan kallo, alhali a wannan dare hasken rana yana faɗa masa ne kai tsaye, babu inuwar da za ta fito da duwatsu da ramukansa, ga shi kuma haskensa ya shanye taurari. Wannan dare ya yi mini ciwo ƙwarai, na kwashe watanni ban sake gwadawa ba.

Abin da ya gyara lamarin shi ne na daina kiran mutane, na koma ina zuwa inda suke. A garinmu kowace unguwa tana da fada, matasa na zaune kan tabarma ana dafa shayi har dare ya raba. Wata rana bayan sallar isha'i na kafa na'urar kusa da wata fada, na saita ta a kan wata, ban ce wa kowa komai ba sai da wani yaro ya matso ya tambaya. Da ya sa ido ya ga ramuka, sai ya yi salati da ƙarfi, nan take sauran suka taso. Gani ya kori ji. Daga baya na karanta cewa wani mutum mai suna John Dobson ya yi irin wannan a titunan San Faransisko ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1960, yana kafa teleskop ɗin da ya ƙera da hannunsa a gefen hanya domin masu wucewa, har aka sa wa wannan ƙira mai sauƙi sunansa. Mu a nan mun fi shi sa'a, domin jama'armu a waje suke kwana rabin shekara.

Tun daga nan muka tsayar da rana guda: daren 7 ga kowane watan Musulunci. Ba ma buƙatar sanarwa, domin kowa ya san kwanan wata. A wannan dare wata yana rabi, yana sama tun magariba, kuma a kan layin da ya raba haske da duhu inuwa tana yin tsawo, har mai kallo ya ga tsaunuka da ramuka tamkar zai taɓa su. Dagewa a kan rana guda ita ce ta tara mana mutane fiye da kowace dabara, domin wanda ya rasa wannan watan ya san inda zai same mu a na gaba.

Game da na'ura, kada rashinta ya tsayar da kai. Madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda muke kira jumel, in ka samu mai lamba 10x50, ya isa ka fara. Ka jingina gwiwar hannu a kan katanga ko ka ɗaure shi a kan sanda domin kada ya yi rawa, za ka ga manyan ramukan wata, za ka ga taurari da yawa a cikin Kaza da ƴaƴanta inda ido ke ganin shida ko bakwai, kuma za ka iya hango watannin duniyar Mushtari guda huɗu a jere kamar ƙwayoyin gero, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Zoben duniyar Zuhal ne kawai zai buƙaci teleskop mai ƙara girma kamar sau 30 ko fiye. Ka sauke manhajar Stellarium a wayarka, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, ita za ta nuna maka wace duniya ce ke sama a daren. In Allah ya hore maka teleskop nan gaba, ka sani ƙura ce babbar abokiyar gabarsa a nan: ka riƙa rufe shi da zane mai tsabta, kuma kada ka goge madubinsa da hannun riga, domin rairayi yana karce gilashi.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da na fi ɗauka da muhimmanci. Kada ka fita da tunanin cewa kai ne mai ilimi, su kuma masu sauraro. Wani dattijo manomi daga wajen Keita, da ya zo ganin ɗansa ya tarar da mu, shi ya zaunar da mu ya bayyana yadda suke lura da Kaza: tana ɓacewa daga sama a ƙarshen bazara, in ta sake bayyana a gabas da asuba sun san damina ta kama, in kuma aka fara ganin ta tana fitowa da magariba to kaka ta yi, sanyi na tafe. Wani makiyayi Ba'abzine ya nuna mana taurarin da littattafai ke kira Orion, ya ce su Amanar suke kiran su, ya kuma nuna mana taurari bakwai na arewa da suke kira raƙuma, da yadda ake bin su a gano tauraron arewa wanda ba ya gusawa. A Tawa wannan tauraro yana tsaye kusan digiri 15 sama da ƙasa, daidai da nisan garin daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, kuma ɗalibai suna jin daɗi ƙwarai in suka auna wannan da kansu.

Sannan akwai malamanmu na zaure masu lissafin manzilai, wato masaukan wata a tsakanin taurari. Manzilai 28 ne, kowane yana da kwana 13 ban da guda ɗaya mai kwana 14, in ka tara ka samu 365, kuma da su ake ƙidayar lokutan shuka da sanyi da zafi. Na zauna da wani malami da ya haddace sunayensu a jere tun yana almajiri, amma ya gaya mini da bakinsa cewa wasu daga ciki bai taɓa ganin su a sama ba. Ni kuwa na san wuraren taurarin, sunayen ne ban iya ba. Muka yi dare da dama muna haɗa nasa da nawa: ga Surayya, wato Kaza, ga Dabaran mai ja a bayanta, ga Haƙ'a a kan Amanar. Ranar da na gaya masa cewa masana a Turai da Amurka har yau Aldebaran suke ce wa Dabaran, kuma sunan Rigel, tauraron da ke ƙafar Amanar, daga kalmar Larabci ce mai nufin ƙafa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in zo da na'urar makarantarsa domin almajiransa su gani. Mutane irin waɗannan su ne abokan da kake nema, kuma in ba a rubuta abin da suka sani ba zai tafi tare da su. Ka riƙe littafin rubutu a kowace fita.

Za a tambaye ka ko wannan ba duba ba ne, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa cikin ladabi. Abin da nake faɗa shi ne mu ba ma danganta arziki ko aure ko mutuwar kowa da tauraro, muna duban halitta ne muna auna tafiyarta, kuma aya ta 97 a Suratul An'am ta ambaci taurari a matsayin abin gane hanya cikin duhun tudu da teku. Ka je wurin limamin unguwa tun kafin ka fara, ka gayyace shi ya zama na farkon sa ido. A daren Juma'a 27 ga Yuli 2018, da aka yi husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni, wanda ya ɗauki awa ɗaya da minti 43 a rufe, sai da aka idar da sallar husufi sannan jama'a suka zo wurinmu, muka yi bayanin yadda inuwar duniya ke faɗa wa wata, da dalilin da ya sa ya yi ja. Ba a samu wata jayayya ba, domin ba mu yi gasa da masallaci a kan lokaci ba.

Haka kuma ka sanar da mai unguwa, in taron ya yi girma ka sanar da hukuma. Teleskop a kan ƙafafunsa cikin duhu yana iya kama da makami ga wanda bai san shi ba, kuma a halin tsaron da yankinmu ke ciki ban yarda a fita daji da dare domin neman duhu ba. Filin makaranta ko wani fili a gefen gari ya wadatar, kuma daren da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sama takan buɗe ko a tsakiyar gari. Ka roƙi mutane su kashe fitilun waya, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Yara su fara, a layi, ka tanadi kujera ko turmi da gajeru za su taka. Ka riƙa duba na'urar bayan kowane mutum biyu ko uku, domin juyawar duniya tana fitar da abin da aka saita cikin ɗan lokaci, kuma mutane da yawa suna jin kunyar cewa ba su ga komai ba. Rana kuwa, kada ka taɓa barin kowa ya dube ta da jumel ko teleskop, ko na daƙiƙa guda, domin tana ƙona ido har abada. Ka fara koya wa mutane wannan tun yanzu, tunda ranar 2 ga Agusta 2027 akwai husufin rana da zai cika a Masar, mu kuma mu ga sashensa.

Mata ba za su zo fada ba. Shekaru muka yi ba mu lura da wannan giɓi ba, sai da wata malamar makaranta ta yi mana magana. Yanzu ita ke karɓar na'urar ta kafa a tsakar gida ko a makarantar ƴan mata tsakanin magariba da isha'i. A can ne wata tsohuwa ta ƙi yarda cewa Zara da Gamzaki abu guda ne, wato duniyar Zuhura, wadda ke yin watanni tana bayyana da yamma sannan ta koma fitowa da asuba, har sai da aka bi ta da kallo wata bayan wata, ta kuma ga a cikin na'ura cewa Zara ma tana yin jinjiri.

Lokacin da ya fi kyau a wurinmu shi ne Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke iska, kafin hazon hunturu ya sauko. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba akwai zubowar taurari masu wutsiyar wuta da ake kira Geminid, wadda ba ta buƙatar komai sai tabarma da bargo. A Afrilu da Mayu, in ƙura ta lafa, ana ganin taurari huɗu na Gicciyen Kudu ƙasa-ƙasa ta kudu.

Domin samun ƙarin abokai, ka gaisa da malaman kimiyya na makarantun sakandare, ka leƙa wurin ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, ka kuma nemi wani gidan rediyon gari ya ba ka ƴan mintoci da Hausa kafin kowane husufi. A waje akwai Ƙungiyar Masana Falaki ta Afirka, kuma abin da ya faru a Senegal yana ƙarfafa mini gwiwa: Maram Kaire ya yi shekaru yana kai teleskop wurin jama'a, har a 2021 aka sa wa wani dutsen sararin samaniya sunansa.

In kana gari a daren 7 ga watan gobe, ka aiko mini da saƙo in kwatanta maka wurin da muke haɗuwa bayan isha'i. Ka zo da tabarma da littafin rubutu, kuma in akwai wani dattijo a unguwarku da ya san sunayen taurari, ka roƙe shi ku zo tare.