Kindirmo a Cikin Man Shafawa: Amsa ga Mai Koyon Sana'a

Ɗana Sani, ka tambaye ni ko za mu zuba kindirmo a cikin man shafawar da muke haɗawa, mu rubuta furobayotik, wato ƙwayoyin halitta masu amfanar jiki, a jikin roba kamar mayukan waje da ka gani a babbar kasuwar Gombe, tunda an ce ƙwayoyin da ke sa nono ya yi tsami suna gyara fata. Tambayarka tana da tushe, amma ba za mu zuba ba.

Gaskiya ne akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani waɗanda suke zaune a fatar kowane mutum tun daga haihuwa. Wasunsu, irin su Staphylococcus epidermidis, suna tare wuri su hana masu cutarwa samun gindin zama, kuma masu bincike sun lura cewa a fatar mai fama da ciwon ƙaiƙayi da bushewa, wata 'yar'uwarta mai suna Staphylococcus aureus ce takan yi rinjaye. Sai dai tun a shekarar 2001, ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka gindaya sharaɗi cewa ba a kiran ƙwaya furobayotik sai tana da rai, kuma an ba da ita da yawan da zai amfani jiki.

A nan ne sana'armu ta ci karo da maganar. Duk man da ruwa ya shiga haɗinsa dole ne a sa masa maganin hana lalacewa, shi kuwa wannan magani ba ya tantance ƙwaya mai amfani da mai cuta, duka yake kashewa. Idan ka sa shi, ƙwayoyin kindirmon sun mutu kafin robar ta isa hannun mai saye; idan ka bar shi, man zai yi funfuna ya canza wari, balle a zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 40, ga wutar lantarki da ba a dogara da ita. Shi ya sa yawancin mayukan da ka gani ba su ɗauke da ƙwaya mai rai, sai dai gawarta da aka farfasa ko ruwan da ta tsimu a ciki aka tace. Ƙalilan da ke da mai rai, busar da ita ake yi a ajiye cikin mai marar ruwa, kuma wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, ba na shagonmu ba.

Ga kuma shi kansa kindirmon: ba mu san waɗanne ƙwayoyi ke cikin ƙwaryar da aka kawo daga ruga ba, kuma abin da ciki ya karɓa lafiya ba lalle ne fuska mai ƙuraje ko ƙafa mai faso ta karɓa ba. Abin da ke laushin fata a cikinsa shi ne sinadarin tsamin da ake kira laktik asid, wanda ake sayarwa tatacce, a auna shi a sikeli, a kuma gargaɗi mai saye cewa yana sa fata ta rage jure rana.

Idan kana son kare ƙwayoyin da Allah Ya riga Ya ajiye a fata, to ka mai da hankali kan sabulu. A ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kaifin abu, fata tana tsakanin 4.5 da 5.5, sabulun soda da na salo kuwa sukan kai 9 zuwa 10, don haka mai kaifi yakan wanke maiƙon fata ya bar ta a bushe, musamman da hunturu. Mukan bar ɗan rarar mai a haɗin sabulu, sannan mu ba mutum man kaɗanya tsantsa, wanda ba ruwa a cikinsa kuma ba ya buƙatar maganin hana lalacewa. Batun rubutu a jikin roba kuwa, hukumar NAFDAC tana duba abin da aka yi iƙirari kafin ta yi wa kaya rajista, kuma ni ba na rubuta abin da ba zan iya tabbatarwa ba. Gobe da safe ka zo da takardar gwajin pH mu auna haɗin da ke cikin bokiti kafin a ɗura shi.