Tambaya da Amsa: Me Zan Duba Kafin In Sayi Na'urar Gano Ƙarfe Ta Hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Bakano ne mazaunin Ingila. Lokacin da nake ɗalibi, wani maƙwabcina Bature ya koya mini yawon neman tsofaffin abubuwa a gonaki da na'urar gano ƙarfe, har na mallaki tawa, ƙirar White's, na kuma tara tsofaffin kwabbai da maɓallai da ba su da wata daraja sai a wurina. Da hidimar iyali ta yi yawa na sayar da ita, yau shekara goma sha biyu ke nan. Yanzu yara sun tasa, ina so in koma, amma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina. Na ga irin tawa ta da a intanet da araha, kuma wani ɗan'uwana a Agadas ya ce zai aiko mini da irin wadda masu neman zinariya suke amfani da ita. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba?
Mai karatu, daga Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka cire kunya game da sayen ta hannu, domin a wannan harka tsufan na'ura ba aibi ba ne. Mutumin da ya gano taskar zinariya ta Staffordshire, wani yanki a Ingila, a watan Yulin 2009, Terry Herbert, da tsohuwar na'ura ya yi aikin, wadda jaridu suka ruwaito cewa a kasuwar gwanjo ya saye ta kan fam biyu da rabi. Zinariya mai yawa aka tono daga wannan gona, aka yi wa taskar kuɗi fam miliyan 3.285, ya raba da mai gonar. Ban kawo wannan labari don in kwaɗaita maka arziki ba, tun da ka san da kanka cewa mafi yawan abin da ke sa na'ura kuka murafen kwalba ne da ƙusoshi.

Tayin ɗan'uwanka na Agadas ka gode masa, amma ka bar shi. Tun da aka fara rububin zinariya a Jado, a arewacin Nijar, a 2014, kamar yadda aka yi a Sudan kafin nan, na'urorin da suka cika wannan yanki irin su GPX ne na kamfanin Minelab, waɗanda ke harba bugun lantarki cikin ƙasa domin su ji gudajin zinariya a ƙasa mai yawan ma'adinai. Suna kai wa zurfi, sai dai ba su iya tantance tarkacen baƙin ƙarfe yadda ya kamata ba, ga nauyi, ga tsada. A gonar Ingila, wadda aka shekara ɗaruruwa ana zubar da ƙusa da takalmin doki a cikinta, irin wannan na'ura za ta sa ka wuni kana haƙa shara. Ƙari a kan haka, wannan samfuri yana cikin waɗanda aka fi yin jabunsu, kuma ɗan'uwanka zai iya sayen jabu da zuciya ɗaya bai sani ba.

Ita kuwa White's da zuciyarka ta karkata gare ta, na fahimci dalili, domin hannunka ya san ta, kunnenka ya san muryarta, kuma sanin muryar na'ura rabin aikin ne. Amma kamfanin ya rufe a 2020, saboda haka samun kayan gyara da mai gyara yana ƙara wuya kullum. Idan kuɗinta kaɗan ne ƙwarai, wanda in ta mutu ba zai dame ka ba, ka saya. Idan kuwa an tsuga mata kuɗi, ra'ayina shi ne ka ƙara kaɗan ka nemi wadda aka ƙera bayan ka bar harkar. A 2018 Minelab ya fito da Equinox, mai aika sigina cikin ƙasa a kan zanguna da yawa a lokaci guda, abin da ya sa take jure rairayi mai gishiri na bakin teku, inda na'urori masu zango ɗaya sukan rikice su yi ta surutu. Simplex na kamfanin Nokta na Turkiyya ba ta da tsada kuma ruwa ba ya shigarta, Deus na kamfanin XP na Faransa kuwa ba ta da nauyi, abin da kafaɗar wanda ya fara manyanta za ta yaba.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je ka ga na'urar da idonka, ka tafi da sabon batir, da kwabo, da zoben azurfa, da ƙusa mai tsatsa. Fara da faifan da ke ƙasan sanda, wanda ke jin ƙarfe, domin shi ne ya fi shan wahala: ka cire murfinsa ka duba tsaga, sannan ka dubi kunnuwa biyun da ƙusa ke ratsawa ta haɗa shi da sanda, waɗanda su suka fi saurin karyewa, kuma masu sayarwa sukan liƙe su da gam su yi shiru. Sabon faifai yana iya cinye rabin abin da ka biya. Bayan haka ka kunna ta a fili, nesa da wayoyin lantarki, ka murza wayar faifan a hankali daga sama har ƙasa. Idan ta yi kuka alhali babu ƙarfe kusa, wayar ta karye daga ciki. Ka buɗe gidan batir ka nemi farin gari ko koren tsatsa, alamar cewa an bar batir ya zube a ciki. Sababbin na'urori da yawa batirinsu a ciki yake, ana yi masa caji kamar na waya, don haka ka tambayi awa nawa yake ɗauka yanzu. Daga nan ka gitta kayan gwajinka ɗaya bayan ɗaya a gaban faifan, ka tabbata lambar da na'urar take nunawa a fuskarta ga kowanne ba ta tsalle-tsalle, kuma muryar ƙusa ta bambanta da ta azurfa. Na'ura mai lafiya takan ji kwabo daga nisan kamar taƙi ɗaya. Duk wanda ya ce maka tasa tana hango zinariya daga nisan kilomita da wasu sanduna masu juyawa, damfara ce, ka kama gabanka.

Ka nemi rasit na asali, ka kuma aika wa kamfanin ko dillalinsa lambar da aka buga a jikin na'urar su tabbatar maka ba jabu ba ce. Shagunan da ke karɓar tsofaffi suna ba da sababbi sun ɗan fi tsada, amma sukan ba da garanti na 'yan watanni, kuma a ganina wannan ƙarin ya cancanta.

Ba ka tambayi doka ba, amma ta motsa bayan tafiyarka. Har yanzu babu filin da za ka shiga sai da izinin mai shi, kuma ya fi kyau ku rubuta yadda za ku raba abin da aka samu. Wuraren tarihi da gwamnati ta keɓe haramun ne. Dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoto cikin kwana 14 idan ka sami abin da ya kai shekara 300 mai ɗauke da aƙalla kashi goma cikin ɗari na zinariya ko azurfa, ko tarin kwabbai, kuma a 2023 an faɗaɗa ta zuwa kayan ƙarfe masu muhimmancin tarihi na musamman da suka haura shekara 200. Jami'in karɓar rahoton kayan tarihi na yankinka shi zai nuna maka hanya. A 2019 an ɗaure wasu mutum biyu shekaru masu yawa saboda sun ɓoye taskar da suka tono kusa da garin Leominster na Ingila. Idan kuma ka zo hutu gida da na'urarka, ka sani cewa dokar 1979 ta hana haƙar neman kayan tarihi a Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ta fuskar addini, dukiyar mutanen da da aka binne ita ce rikazi, wadda hadisi ya ce ana fitar da humusinta, wato kashi ɗaya cikin biyar, yayin da zoben da wani ya yar a bakin teku makon jiya tsintuwa ce, hukuncinta cigiya. Yadda za a fitar da humusi daga ladan da ake biyan wanda ya gano taska ya kai rahoto, wannan ka kai wa malamin unguwarku tare da takardar yarjejeniyarka da mai gona.