Amsa ga Malama kan fita da ɗalibai kurame duba karayar dutse

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Malama, na saurari saƙonki, kin ce kina so ki fita da ɗalibanki kurame na babbar sakandare su ga karayar dutse, wato inda dutse ya tsage ɓangare ɗaya ya goce daga ɗaya, da idonsu, kina tambayar ina za ki kai su, kuma yaya za a yi. To bari in yi da baki, rubutu zai yi tsawo.

Wuri dai ba sai kin yi nisa ba. Kaduna a kan tsohon dutse take zaune, wanda ya sha matsa da murɗa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Idan rani ya yi, ruwan Kogin Kaduna ya ja baya, falalen duwatsu na fitowa fili. Akwai kuma dutsen Kufena a Zariya, sai ki tuntuɓi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello. Babbar karayar Kalangai tana can wajen Birnin Gwari, amma don Allah kada ki kai yara wannan hanya, a taswira za ki nuna musu.

Ki riga su zuwa ke kaɗai. Abin da za ki nema shi ne farar jijiya a jikin dutse, wadda ta miƙe tiryan-tiryan, sai tsaga ta gitta ta, ki ga ci gabanta ya goce gefe, ko da faɗin yatsa biyu ne. Wannan gocewar ita ce shaidar cewa dutse ya motsa. Tsagar da ba gocewa, tsaga ce kawai, kuma yara na yawan haɗa su. Ki sa kowa ya ɗora yatsa ya bi jijiyar har inda ta yanke, ya nemo ragowarta da kansa. Wallahi ranar da yaro ya gano ta, fuskarsa kaɗai ta ishe ki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mu masu ji mun saba muna nuna dutse muna surutu lokaci guda. Kurma kuwa da idonsa kaɗai yake aikin biyu: in yana kallon hannun mai fassara, bai ga dutsen ba, in ya sunkuya kan dutsen, bayani ya wuce shi. Saboda haka a yi bayani tukuna, a dakata, su duba, sannan a ɗaga tuta su ɗago. Kada mai fassara ya tsaya rana na bayansa. Kowa ya goya jakarsa, domin hannun da ke riƙe da littafi da gorar ruwa ba ya magana. Kuma tun a aji ku daidaita alamomin, don wasu da maganar hannu ta gida suka taso, wasu da ta makaranta. Tafin hannu biyu a haɗe, ɗaya ya zame sama, ko ƙasa, ko gefe, kin ga iri uku na karayar dutse sun fito ke nan.

Batun tsaro kuma, ihu ba zai yi miki amfani ba. A jera su biyu-biyu, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowa da riga mai ɗaukar ido. Wurin fasa dutse kuwa a bar shi, gargaɗinsu na jiniya ne.

Ki ba su labarin Kwoi ma, a ƙaramar hukumar Jaba, inda ƙasa ta yi rawa a watan Satumba na 2016, da na Mpape a Abuja a 2018, su san girgizar ƙasa ba labarin Amurka da Japan kaɗai ba ne.

In kin tsayar da rana ki sanar da ni a nan, zan zo da guduma da kamfas, in Allah ya yarda. A gaida yaran.